Akwatin marigayiya: hotuna, kaset da waya, ta ina ake farawa?

Ƙanwar Gida:

Assalamu alaikum jama'a. Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, kuma cikin abin da ta bari akwai wani akwati da aka damƙa min. Tsofaffin hotuna ne a ciki, na ƙuruciyarmu da nata, wasu a albam mai gam, wasu sun manne da juna, wasu sun yi fari-fari da fumfuna. Akwai kaset-kaset da ake kyautata zaton da muryarta a ciki, sai kuma wayarta Android da ke kulle, ba wanda ya san lambar. So nake in adana su yadda jikoki za su gani su ji. Masu sani, ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye kada in lalata da hannuna?

Ɗan Waya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙurin rashi.

Ki ajiye hotunan tukuna, 'yar'uwa. Hoton da ya shekara talatin a akwati ba wata biyu ne zai kashe shi ba. Abin da ke da wa'adi shi ne na waya.

Ki fara da wayoyin masu rai, ba tata ba. Duk saƙon murya da ta taɓa tura miki yana cikin wayarki, haka na 'yan'uwanki. Kowa ya buɗe hirarsa da ita a WhatsApp ya duba ko an kunna saƙo mai ɓacewa, domin idan an saita shi a awa 24, kwana 7 ko kwana 90, yana can yana sharewa da kansa. Sannan a fitar da hirar tare da hotuna da muryoyinta. Akwai iyaka: idan da hotuna da murya ne, saƙo 10,000 na baya-bayan nan zai fitar, idan rubutu ne zalla 40,000. Don haka ya fi a shiga fayilolin kai tsaye. A Android ki bi foldar Android, sai media, sai com.whatsapp, har ki kai WhatsApp Voice Notes. Za ki ga fayiloli masu farawa da PTT, biye da shekara da wata da rana, suna ƙarewa da opus. Kada ki sauya musu suna, ranar da ke jikin sunan ita ce shaidar lokacin. Ki kwashe foldar ɗungurungum zuwa kwamfuta ta waya ta USB. Manhajar VLC tana buɗe su.

Ita kuma wayar da ke kulle, manyan kurakurai uku ne ake yi. Na farko cankar lamba: yawan kuskure yana ƙara tsawon jira, kuma wasu wayoyin an saita su su goge komai bayan kuskure da yawa. Na biyu kai ta wurin mai gyara a ce ya buɗe. Yawancin abin da ake kira buɗewa mayar da waya sabuwa ne, wato share ta tas, kuma wayoyin yanzu suna ɓoye bayanansu da lambar ne, in an share babu mai dawo da su. Ki tambaye shi ƙarara: "Bayanan za su tsira?" In ya yi kame-kame, ki karɓi wayarki. Na uku saka layinta a wata waya a buɗe WhatsApp da shi. Hakan yana fitar da tsohuwar wayar daga asusun, kuma tsofaffin saƙonni ba za su biyo layin ba sai da ajiyar da ke asusunta na Google.

Ki duba ko akwai katin memori, ki zare ki sa a kwamfuta, sau da yawa hotunan suna nan a buɗe. Ki kuma riƙe layin da rai, domin kamfanonin waya suna ba wani lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, kuma ta layin ne ake karɓar lambar shiga asusu. WhatsApp yana rufe asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba. Google kuma tun Disambar 2023 ya fara share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Yana da hanyar da dangin mamaci ke nema a hukumance, da takardar shaidar rasuwa da katin shaidar mai nema, amma ba ya ba da kalmar sirri.

Baba Maihoto:

Allah ya gafarta mata. Ɗan Waya ya yi gaskiya kan wa'adi, sai dai akwai gyara ɗaya: fumfuna ba ta jira. Yau ɗin nan ki ware masu fumfunar daga sauran, ki shimfiɗa su fuska sama a kan farar takarda, a ɗaki mai iska, ba a rana ba. Sauran aikin zai iya jira.

Ki fahimci abin da ke hannunki, 'yata, sai ki gane dalilin kowane hani. Fuskar hoto wani siririn ɓawo ne na jelatin, shi ke riƙe da surar. Yana shan danshi ya kumbura ya yi danƙo, in ya bushe a jikin wani abu ya kama shi. Abin da ya manne hotunanki ke nan. Fumfuna kuma jelatin ɗin take ci, kuma inda ta ci ya zama abin da ruwa ke narkarwa. Shi ya sa wanda ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya goge hoto mai fumfuna zai ga fuskar mutumin ta biyo tsumman. Ki bari su bushe sarai kwana biyu ko uku, sannan ki fita waje, ki rufe hanci da baki, ki share garin fumfunar da buroshi mai laushi ƙwarai, daga tsakiya zuwa gefe, ba dannawa. Tabon da ya rage ya zauna ke nan, a kwamfuta ake gyara shi, ba a jikin hoton ba.

Ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki kwafi kafin a taɓa komai. Albam mai gam, ki ɗauki kowane shafi yadda yake, domin jerin da ta yi wa hotunan shi ma labari ne. Bayan haka in za ki ɓamɓaro, ki samu zaren sakace haƙori marar kakin zuma, ki zura ta ƙarƙashin kusurwa, ki riƙa ja hagu da dama a kwance kamar mai zarto. Wanda ya ƙi, ki bar shi a shafinsa. Wuƙa da reza ba su da aiki a nan.

Waɗanda suka manne da juna su ne masu wuya. Kada ki ja su a bushe. Akwai dabarar jiƙawa a ruwan sanyi mai tsabta na minti 20 zuwa 30 har su saki da kansu, amma tana yi ne kawai ga hoton wanki mai bayan santsi kamar roba, irin wanda ya yawaita daga shekarun 1970. Ba ta yi ga mai fumfuna, ba ta yi ga Polaroid, ba ta yi ga wanda firinta mai tawada ta buga, wannan wankewa zai yi. Ko a masu santsin akwai kasada. Ki gwada da wanda ba ki damu da shi ba, kuma in hoton shi kaɗai ne a duniya, gara ki nemi masu gyaran kayan tarihi a gidan adana takardu ko ɗakin karatu na jami'a. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kwafin: sikana mai gilashi a kwance, ba mai zuƙar takarda irin ta ofis ba, wannan tana karce hoto. Ki saita ɗigo 600 a kowane inci. Ɗigo 300 ya isa in girman hoton kawai za a sake bugawa, amma ƙananan hotuna da na taro inda fuska ba ta kai ƙwayar wake ba suna buƙatar 600 ko 1200. Ki kashe duk wani gyaran launi na kai-tsaye, ki ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne. Ki ajiye na asali a nau'in fayil na TIFF. Hoto mai santimita 10 da 15 a ɗigo 600 zai ci kusan megabait 26. Daga shi sai ki fitar da JPEG na rabawa. Ki ɗauki bayan hoton ma, in da rubutu ko hatimin mai hoto, sau da yawa shi ke ba da shekara. In kin ci karo da nagatif a ambulan, kin yi sa'a, ya fi hoton da aka wanke ɗauke da bayani, sai dai yana son sikana mai haska fim da ɗigo 2400 zuwa sama.

In babu sikana, waya ma ta yi: kusa da taga inda haske bai faɗo kai tsaye ba, ba filasha, wayar a saitin hoton ba a karkace ba, a jingine ta da wani abu, a yi amfani da mai ƙidayar daƙiƙa don kada hannu ya girgiza.

Hotunan launi da suka koma ja-ja, rinin shuɗi ne ya riga sauran kodewa, kuma ana iya daidaita shi a kwamfuta. Amma ki yi hattara da manhajojin nan masu "raya tsohon hoto". Ba dawo da fuskar suke yi ba, ƙirƙiro ido da haƙori suke daga fuskokin wasu. Jikan da bai san ta ba zai tashi da fuskar da ba tata ba. In kin yi don sha'awa, ki rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne.

Ajiya kuwa: ba leminatin, domin zafi da gam ne kuma ba ya warwaruwa. Ba salatif, ba robar ɗauri, ba ƙarfen maƙale takarda. Ledar da ke warin sabuwar roba, wato PVC, ita ma a'a. A nemi ta folifrofilin ko foliyesta, ko ambulan marar asid. Rubutu a baya da fensir mai laushi, 2B zuwa sama, a gefe-gefe, ba biro ba, tawadarsa tana huda takarda tana shafar na ƙasa. Akwatin ya zauna a ɗakin da mutane ke kwana, sama da ƙasa, nesa da bangon waje. Danshin iska 30 zuwa 50 cikin ɗari ake so. Ya wuce 65 fumfuna ta dawo.

Sarkin Kaset:

Allah ya sa ta huta. Hajiya, kafin komai ki juya kowane kaset ki duba bakinsa na sama. Akwai 'yan kunnuwa biyu na roba a kusurwoyi. Ki karya su duka. In babu su, maɓallin ɗauka ba ya dannuwa, kuma da yawan muryoyin da aka rasa yatsa ne ya zame kan jan maɓalli.

Sai ki leƙa ta 'yar tagar. In kin ga farin gari a kan naɗin zaren, fumfuna ce, kada ki kunna, za ta ɓata kaset ɗin ta ɓata rikodar ta shafi na gaba. A ƙasa, inda zaren ya bayyana, akwai ɗan guntun auduga a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin hed, wato kan rikodar da ke karanta sauti. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, kuma in babu shi murya za ta fito can ƙasa-ƙasa. Ana mayar da shi da ɗigon gam, ko a kwance sukurori biyar na kwanson a mayar da zaren cikin kwanson wani lafiyayyen kaset. Zaren da ya tsinke da tef ɗin haɗa zare ake haɗawa. Gam ɗin salatif yana tsatsowa ya manne naɗin.

Rikodar ita ce rabin aikin. Wadda ta daɗe a ajiye bel ɗinta ya saki ko ya narke, 'yar tayar robar da ke matse zare ta yi ƙarfi, ita ce ke cin kaset. Ki goge hed da siririn ƙarfen da ke jan zare da auduga mai barasar isofrofil, ki bari ya bushe minti biyu. Sannan ki gwada ta da kaset ɗin da ba ki buƙata, daga farko har ƙarshe. Sai ta ci wannan jarrabawar za ta ga na marigayiya. Ƙananan na'urorin nan masu juya kaset zuwa MP3 kai tsaye ban ba da shawararsu ba: injinsu ba ya riƙe gudu, murya tana rawa. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa tun da Philips ya fito da shi a 1963, kuma ɗan kaucewa kaɗan kunne yana ji.

Ki ɗaure zaren da biro in ya saki, ki tura kaset ɗin gaba har ƙarshe ki dawo da shi sau ɗaya don naɗin ya daidaita. In an rubuta C120 a jiki, wato mai minti 120, ki ƙara lallaɓawa, zarensa ya fi na C60 da C90 siranta. Haɗin kuma daga mafitar sauti ta bayan rikoda, mai ja da fari, zuwa ƙaramin akwatin sauti na USB. Ramin makirufo na laftof yana fasa sauti. Manhajar Audacity kyauta ce: ki saita 48,000 da bit 24, ki ajiye a WAV, ki daidaita ƙarfi yadda mafi ƙarar wuri zai tsaya wajen -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar. Minti ɗaya zai ci kusan megabait 17, C90 guda kusan gigabait ɗaya da rabi. In kin ji wani gurnani a ƙasa, ki cire cajar laftof ya yi aiki da batir.

Ki ɗauka tun kunnawar farko, domin wani zaren sau ɗaya zai wuce lafiya. Ki bar shi har ƙarshe, gefe biyu, ko da an yi shiru mai tsawo, mutane kan ɗauki magana a tsakiyar kaset ɗin wani abu daban. In ya fara ƙara kamar ƙyauren da ba mai, ki tsayar nan take. In muryar ta fito a toshe, akwai ɗan sukuru a gefen hed, a juya shi kaɗan-kaɗan ana saurare har harafin "s" ya fito tas. In kuma ta fito siririya tana sauri, da batir mai rauni aka ɗauka, a kwamfuta ake rage gudun, a kan kwafi.

Shawara ta ƙarshe: in zai yiwu wani ya yi ɗaukar, ba ke ba. Mai jin muryar mahaifiyarsa karon farko bayan rasuwa ba zai iya kallon allurar sauti ba.

Malama Mai Tarihi:

Allah ya kai haske kabarinta. Malamai sun ƙure bayani, amma a ganina duk an tsallake abin da ya fi kowanne saurin tafiya, wato tsofaffin da suka san waɗanda ke cikin hotunan. Hoto marar suna bayan tsara ɗaya ya zama hoton baƙi. Da kin ɗauki kwafi ko da na waya ne, ki nufi 'yan'uwanta da ƙawayenta, manyan shekaru a gaba.

Yadda ake tambayar yana da tasiri, domin tunawa ba kunna kaset ba ce, duk lokacin da mutum ya tuna sake haɗa labarin yake. A 1995 Elizabeth Loftus a Amurka ta gaya wa manya labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a rukunin shaguna suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna. A 2002 a Niyu Zilan aka nuna wa mutane hoton bogi na ƙuruciyarsu a cikin balan-balan mai tashi sama, rabinsu suka fara ba da labarin tafiyar. Saboda haka kada ki ce "Wannan ba wance ba ce?" Ki ce "Wa kika gani a nan?" ki yi shiru. Ki zauna da kowa shi kaɗai kafin a haɗu, in ba haka ba mai ƙarfin murya zai shafe na sauran. In biyu suka saɓa, ki rubuta duka biyun da sunan mai faɗa, ba aikinki ba ne yanke hukunci.

Ki fara da tambaya ba hoto, sannan ki fito da hotunan. Abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwa shi tsofaffi suka fi riƙewa, daga nan ake buɗe baki. Kada ki tambayi shekara, ki tambayi wa aka haifa lokacin, a wane gida ake, daga baya ki lissafa. Ke ma ki rubuta naki kafin ki ji na kowa, kuma kada ki zargi kanki in kin rasa komai na farkon rayuwarki: yawancin mutane tunaninsu na farko daga wajen shekara uku zuwa uku da rabi yake farawa.

Wajen ɗaukar muryarsu: waya a yanayin jirgi, a kan tsumma, tazarar taƙi ɗaya daga baki, a kashe fanka. Ki faɗi rana da sunan mai magana a farko, ki nemi izininsa a cikin ɗaukar. Awa ɗaya ta isa zama guda.

Ƙanwar Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Baba, wani hoton ya manne da gilashin firem. Sannan duk abin da na kwafa, filashi ɗaya ya isa?

Baba Maihoto:

Kada ki raba su, 'yata. Ki cire gilashin da hoton tare daga firem, ki goge wajen gilashin, ki ɗauka ta cikinsa. Siririyar sikana mai aiki da wayar USB kaɗai ba ta gani sai abin da ya taɓa gilashinta, kaurin gilashin firem zai sa ya fito dishi-dishi. Ki nemi mai kauri irin CCD, ki sa 'yan guntayen kwali a kusurwoyi don gilashi kada ya karce gilashi. In ba ta samu ba, kyamara da fitila biyu, hagu da dama, kowacce a karkace rabin kusurwa, a ɗaki mai duhu.

Ɗan Waya:

Filashi ɗaya bai isa ba, na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can, kuma in ya shekara da shekaru ba a sa shi a wuta ba yana iya zubar da abin da ke ciki. Kwafi uku ake yi, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida: kwamfuta, had-dis na waje, sai ma'ajiyar intanet ko had-dis na biyu a hannun ɗan'uwa. Sau ɗaya a shekara ki jona ki buɗe wasu fayiloli ki tabbatar suna buɗuwa, bayan kamar shekara biyar ki kwashe zuwa sabo. In za ki tura wa dangi ta WhatsApp, ki tura a matsayin takarda, in kin tura a matsayin hoto zai matse shi. Wayar marigayiya kuma ki ajiye ta da caji wajen rabi, ki riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni. In bayanta ya fara ɗagowa batir ne ya kumbura, a sauya batirin kawai, a gabanki, ba tare da an taɓa komai na ciki ba.